Kamfanonin Jirage Sun Raba Mini 'Ya'ya

Anti Amatullahi, assalamu alaikum. Ki taimake ni da shawara. Amma kafin nan ina gargaɗin duk uwar da ke karanta wannan shafi: kada ki bari aikin kamfani ya shiga tsakanin 'ya'yanki.

'Ya'yana maza biyu injiniyoyi ne a Abuja. Babban, ɗan fari ne ba na kama sunansa, yana aiki da wani kamfanin ƙasar waje mai ƙera wa sojoji jirage marasa matuƙi. Ƙanensa Isa yana wani kamfanin daban mai irin wannan sana'a. Abin haushi, kamfanonin nan sun haɗa kai a kan wani jirgi, wannan ya yi fiffike, wancan ya yi kyamara, amma wajen sayar da wani jirgin kowa so yake ya ga bayan ɗan'uwansa. Wace irin tarbiyya ce wannan?

Ni al'adata tun suna firamare, duk wanda ya gaya mini abin da ke gabansa sai in sanar da ɗayan ya taya shi addu'a. Isa ya ce mini za su kai sabon jirginsu wata ƙasa su nuna wa sojojinta. Na gaya wa babban, har da ranar tafiya. Sai ga shi kamfanin babban ya riga su zuwa, shi aka ba aikin. Isa ya ce yayansa ne ya kai labari. Babban ya rantse bai buɗe baki ba. Yanzu ko gaisuwa ba sa yi.

Matar babban ta haihu a gidan iyayenta a Kalgo, suna ya matso, Isa kuwa ya ce ba shi ba zuwa. Na kasa zaune, na kasa tsaye. Yaran da suka tashi suna cin tuwo a kwano ɗaya! Na kafa doka: wanda bai zo sunan nan ba, kada ya taka ƙofar ɗakina ranar Sallah. Na yi daidai?

Uwar Injiniyoyi, Gwandu

AMSA

Wa alaikumus salam, Hajiya. Kina da gaskiya, zumunci ya fi kwangila. Amma ba zan ɓoye miki ba, labarin nan ta hannunki ya bi. Niyyarki mai kyau ce, sai dai irin waɗannan kamfanoni suna ɗaure ma'aikaci da alkawarin riƙe sirri, ko ga mahaifiyarsa. Isa shi ya fara sakin baki, kuma ba shi da hujja a kan yayansa, domin kamfani yana da hanyoyi da yawa na jin labarin abokin gasarsa.

Ki kira Isa yau. Ki ce masa ke kika faɗa wa yayansa, don neman addu'a. Ki janye maganar Sallah, domin idan ya yi taurin kai ke ce za ki kwana da kuka. Ki roƙe shi ya je Kalgo ya ɗauki ɗan yayansa.

Dokar da ta dace ita ce, duk wanda zai shigo gidanki ya bar zancen kamfani a zaure. Har da ke, Hajiya: a nemi addu'a, banda sunan ƙasa, banda ranar tafiya.

Allah ya raya jaririn, ya maido su kwano ɗaya.