Shuɗiya Ta Hau Tudun Gwaggo

Zuwa ga ɗana abin alfaharina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai tarin yawa daga mahaifiyarka zuwa gare ka da iyalinka. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ku cikin ƙoshin lafiya, ya ƙara maka juriya a wurin aiki, ya raya mana yaran nan. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Gwiwata ta yi sauƙi tun da na fara shafa maganin da ka aiko, ko da yake har yanzu ba ma ga maciji da matakala. Babanku yana nan yadda ka san shi, hannu baƙi ƙirin da baƙin mai, ƙanwarka Auta kuwa ta fi shi, don ita har a goshi take kwasowa. Na zaɓi in rubuto ne maimakon in kira ka, saboda in na fara ba ka labarin nan a waya babanku zai karɓe ya ce ba haka aka yi ba, ni kuwa so nake ka ji shi yadda ya faru.

Maganar Shuɗiya ce, motar babanku da ta girme ka da shekara bakwai. Ka san abin da tudun gidan Gwaggonku yake mana duk mako. Da mun kai rabi sai ta fara tari, sai a ce mu sauka mu taka, shi ya lallaɓa ta shi kaɗai. Zuwanka na ƙarshe ka gan ni ina hawa da ƙafa ina haki, ranka ya ɓaci, ka ce a sauke tsohon injin ka aiko da sabo. Ba ka yi laifi ba, tausayina ka ji. Amma injin nan babanku da hannunsa ya haɗa shi, noti bayan noti, tun kafin ya san za a ba shi ni. Shi ya sa ya roƙe ka wata guda, ya yi maka alkawari cewa in watan ya ƙare Shuɗiya ba ta hau tudun da mutum huɗu a ciki ba, da kansa zai sauke injin. Ka san shi, in ya faɗa ya faɗa. Daga ranar na lura abincinsa ya fara dawowa da saura.

Auta ce ta kawo shawarar a sa wa injin turbo. Da na tambaye ta mene ne shi kuma, sai ta ɗauko mini wani ƙarfe a nannaɗe kamar dodon koɗi, ta ce hayaƙin da ke fita ta salansa ne zai riƙa juya wata 'yar fanka a cikinsa, fankar kuma ta tura wa injin iska fiye da wadda zai iya shaƙa da kansa, sai ƙaramin inji ya yi aikin babba. Na ce to, Allah ya sa kada ya ƙware. Babanku ya yi kwana biyu yana zagaya abin yana harararsa, wai shi bai taɓa jin an ciyar da inji da hayaƙinsa ba, sannan ya yarda. Maƙwabcinmu mai walda ya lanƙwasa musu bututai, suka gyara kafireta don ta riƙa ba da mai daidai da iskar, cikin kwana goma komai ya zauna. Ranar da suka tayar da ita har rawa Auta ta taka a tsakiyar gareji, da sifana a hannunta.

To ga inda ni ma na shigo cikin laifin. Akwai wata 'yar aba a gefen injin mai baƙar hula da wayoyi, distirbita suke ce mata, ita ke raba wa fulogai wuta. In an sassauta notinta aka murɗa ta kaɗan, sai wutar ta riƙa zuwa da wuri ko ta ɗan jinkirta. Kullum da safe in na kai wa babanku shayi, kafin Auta ta dawo daga sayen kaya, sai in same shi ya tayar da mota, ya karkata kai yana saurare, ya murɗa abar nan wajen dama har injin ya ɗauki sautin da yake so, ya ɗaure notin yana ƙunƙuni. Da rana kuma in ya shiga ciki ya miƙe, na kawo wa Auta abinci, sai in same ta ta sassauta notin nan dai, ta murɗa wajen hagu, ita ma tana ƙunƙuni. Kwana tara ina kallon wannan. Wallahi ɗana, na ɗauka haka aikin yake, kamar agogon bangon falo da sai an murɗa shi lokaci-lokaci. Ban ce wa kowa komai ba, na ma riƙa yaba musu a raina da irin haɗin kansu.

Saura kwana shida muka fita gwaji da safe, ni da su biyun da mai walda, wanda shi kaɗai ya kusa mutum biyu. Farkon hawan Shuɗiya ta zabura har kaina ya bugi bayan kujera, na fara hamdala. Muna kaiwa rabi sai wata ƙara ta taso daga gaba, siririya, kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Auta ta ƙwalla ihu wai Baba ya ɗaga ƙafa, inji zai ƙone. Ya taka birki, ya juyo yana tambayar abin da ya faru, wai shi bai ji komai ba. Muka dawo gida a hankali. Auta ta ce da an ƙara minti ɗaya da fistin ya huje, kuma irin nasa ba a samunsa yanzu ko'ina. Da yamma na ga babanku ya share wurin da ake ajiye inji in an sauke, ya shimfiɗa kwali. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na san abin da yake shiryawa.

Muna cin abinci Auta take cewa ita abin da ya ɗaure mata kai shi ne distirbitar nan da ba ta zama inda aka ajiye ta, har noti ta canja mata sau biyu. Babanku ya ce shi ma ya lura tana zamewa. Ni kuwa da zuciya ɗaya na ce ai dole ta gaji, abar da ake murɗawa dama da safe a murɗa hagu da rana. Sai na ga cokula sun tsaya. Suka dube ni, suka dubi juna, Auta ta riƙe baki, can sai dariya ta ƙwace mata har da hawaye. Ashe shi ranar farko ya ji sautin bai yi masa ba, ya ɗauka yarinya ta yi kuskure, ya gyara a ɓoye don kada ta ji kunya. Ita kuma ta ɗauka tsohon injin ne ya fara sakin jiki, ta riƙa mayarwa a ɓoye don kada hankalinsa ya tashi. Kowa yana rufa wa ɗan'uwansa asiri, suka kusa kashe abin da suke ceto. Suka haɗu suka ɗora mini laifin kwana tara, na ce ni shayi aka ce in kawo, ba a ce in kawo rahoto ba.

Auta ta yi masa bayani cikin ladabi, cewa yadda yake saita wuta da kunne shekara arba'in daidai ne ga injin da ke shaƙar iska da kansa, amma wanda ake tura wa iska dole a jinkirta masa wutar, in ba haka ba sai ya riƙa ƙwanƙwasa har ya ci kansa. Ya ce ai a tsaye sautinta kamar mai jin barci. Ta ce ba don tsayuwa aka yi aikin ba, Baba. Washegari suka kwance fulogai, suka auna ƙarfin kowane fistin, Allah ya taimaka babu wanda ya taɓu. Suka saita wutar da fitilar awo su biyu tare, Auta ta ɗiga farin fenti a kan notin, ta ce duk wanda ya taɓa za a gani, tana faɗa tana kallon silin.

Ranar da watan ya cika muka koma, mu huɗun nan dai. A gindin tudu babanku ya tsaya, ya ce in yi haƙuri in koma baya Auta ta zauna kusa da shi, don ta saurara masa. Shekara talatin da shida ba a taɓa tayar da ni daga kujerar nan ba, amma ranar da murna na tashi. Ya sa giya, ya taka totur, Shuɗiya ta kama hanya tana wani siririn fito kamar buta ta tafasa. Muka wuce rabin nan da muke sauka, mai walda yana dukan kujera yana cewa a ƙara mata wuta, ni ina salati ina dariya lokaci guda. Ɗana, har ƙofar Gwaggonku muka wuce da gida uku, don babanku bai taɓa buƙatar birki a wannan hawan ba, sai da Auta ta tuna masa. Gwaggo ta fito tana tambayar wane mara kunya ne ke gudu a layinsu.

Duk mun fita muna ta surutun fiton nan, shi yana zaune riƙe da sitiyari. Na leƙa ta taga na ce ya fito mana. Sai ya jawo hannuna, ya tambaye ni a hankali wai da gaske tana fito? Ya ce ya fi shekara ƙananan sautuka sun daina zuwar masa, ya ɓoye ne don bakanike da kunnensa yake cin abinci. Ni da nake faɗa wai yana share ni in na yi magana, sai kunya da tausayi suka rufe ni. Kafin in ce komai ya yi murmushi, ya ce in nemo masa likitan kunne a cikin makon nan, shi fa ba zai yarda kowa a unguwa ya ji motarsa tana waƙa ban da shi ba. Don haka ka bar maganar sabon inji, na Shuɗiya ya zauna daram. Jibi za mu asibiti, kuma a cikinta za mu.

Ka gaishe mini da 'yata matarka, Allah ya saka mata da alheri. Ka shafa mini kan maigidana ƙarami, ka ce masa in bai zo da wuri ba zan sake miji, da takwarata mai kukan banza. Gwaggonku tana gaishe ku, mai walda ma ya ce lallai in sa sunansa. Auta ta ce in ka zo za ta ba ka tuƙi, amma hannunka a aljihu in an buɗe gaban mota. Babanku yana sa muku albarka. Allah ya tsare mini ku, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taka har kullum,
Mahaifiyarka