Hoton Ralitsa na Jikin Ƙofa

Litinin, 9 ga Oktoba

Ruwan sama ya fara cin takardar rasuwar da aka manna a ƙofa. Hoton da ke kanta na lokacin da 'yata Ralitsa, da muke kira Rali, take shekara sha shida ne, bayan an sallamo ta daga asibiti, shekarar da ta daina cin abinci. Stoyanka, yayar marigayi mijina, ita ta zaɓa. Ranar ni ban san inda kaina yake ba. Ta ce a nan ne 'yata ta fi kyau.

Za a buga sabuwar takarda don addu'ar arba'in. Sai an ba da hoto.

Alhamis, 12 ga Oktoba

Wasu 'yan mata biyu sun zo daga birnin Plovdiv da furanni. Sun wuce ƙofarmu, sun dawo, sun sake wucewa. Ba su gane ta a takardar ba. Na shigo da su na dafa musu kofi. Ɗayar, Gergana, mai ƙiba irin ta Rali, ta ce ta yi shekaru ba ta shiga teku ba saboda kunyar jikinta, sai da ta ga Rali a allon talla sanye da kayan ninkaya. Na ƙara mata sukari.

Asabar, 14 ga Oktoba

A layin burodi na ji ana cewa ƙiba ce ta kashe ta, wai zuciya. Alhali babbar mota ce ta kashe ta, a hanyar Sofia, tana dawowa daga nunin tufafi. Na sayi burodina na fito.

Laraba, 18 ga Oktoba

Na zube hotunanta a kan gado. Babu ko ɗaya na fuska kaɗai. Da ma haka take da masu mujallu: in sun ce za su yanke ta daga kafaɗa, sai ta ɗauki jakarta. Ta bar aiki da yawa a kan haka. Wata rana ina gyara mata ɗinkin riga ta ce, “Mama, su kai suke so su saya. Ni kuwa ba a sayar da ni gunduwa-gunduwa.” Ta yi dariya har allura ta soke ta.

Akwai na jar riga, tana tsaye a dandamali, hannu a ƙugu. Damatsanta irin nawa ne.

Lahadi, 22 ga Oktoba

Ban fita ba.

Talata, 31 ga Oktoba

Stoyanka ta zo da alkamar da za a dafa ta sadaka. Ta ga hoton jar rigar a kan tebur, ta gane shi nake so a sa. Har yau amarya take ce mini, ga furfura a kaina. Ta ce, “Amarya, takardar mamaci ce, ba kalandar shagon aski ba.” Ta ce dattawa za su tsaya gabanta a ƙofar coci, kuma na san bakin mutanen garinmu Karlovo. Wai tun da Rali ta tafi, a rufa mata asiri.

Na ce, “Yaya, wane asirin?”

Muka zauna muna tsintar alkama. Ita ta yi renon Rali lokacin da nake aiki a masaƙa, ba zan manta da wannan ba.

Alhamis, 2 ga Nuwamba

Mai shagon buga takardu ya ce gurbin hoton ƙarami ne, na fuska, baƙi da fari, haka ake yi tun kakanninsa. Ya sa hoton a na'ura ya nuna mini yadda zai yanke. Wuyanta ya tsaya a kan layi kamar an ajiye kai a faranti. Na tambaye shi ko yana da takarda babba. Ya ce akwai, amma ta tallan wasan kwaikwayo ce. Na ce ita nake so, kuma da launi.

Ban san daga ina muryar ta fito ba. Wataƙila gajiya ce.

Asabar, 4 ga Nuwamba

An yi addu'a a makabarta, an zuba ruwan inabi a kabari, an raba alkama. Gergana ta zo. Limamin coci ya dubi takardar ya ce rigar ta yi ja sosai. Stoyanka ce ta riƙe mini ƙananan ƙusoshin kafa takardar, tana miƙo mini ɗaya bayan ɗaya.

Mun manna a ƙofa, da jikin bishiyar tashar bas, da allon coci. Allon a cike yake. Takardar Rali ta fi sauran faɗi, gefenta ya hau kan ta tsohon shugaban makaranta, ya rufe masa kunne ɗaya. Na gani. Ban matsar da ita ba.