Kwanon Maƙwabciya

Daren Laraba, Gadarif, lokacin yankan riɗi

Yau maƙwabciya ta aiko da kisra, wainar dawa ta nan Sudan, na zuba gyaɗa a kwanonta, don ba a mayar da kwano wayam. Safiya, 'yar ƙanwata da yaƙi ya koro daga jami'a a Khartum, ta ce, "Khalti, malamanmu sun ce babu kyautar banza, kowace kyauta igiya ce mai ɗaure mutum."

Raina ya sosu. Wato abincin da take ci a gidana ma ɗauri take ganinsa?

Da magariba sai ga Safiya da gahawa mai citta, yadda nake so. Ta zauna, ta jingina da kafaɗata.

To, in igiya ce, ya Allah kar ka tsinka ta.