Tsingaron Baba Hagnon

Ranar kasuwa, 9 ga watan Antesteriyon

Yau aka yi ƙuri'ar kora. Kowa ya rubuta a tsingaro sunan wanda yake so ya bar birnin Atina shekara goma. Maƙwabcina Baba Hagnon bai iya rubutu ba, sai ya miƙo mini nasa. "Ɗana, sa mini Teramilos, wannan mai bakin jaki." Na karɓa, na rubuta Damasiyas, wato ɗan ƙanen Baba Hagnon, maraya, wanda ya goya tun yana rarrafe. Tsohon ya ɗauka da hannu biyu ya jefa, har yana sa mini albarka.

Dalili? Bara Damasiyas ya kwaikwayi i'inata a majalisa, aka yi ta dariya. Shi ke nan fa.

10 ga wata

Damasiyas aka kora. Tsingaro ɗaya cikin dubbai, ba nawa ne ya kore shi ba. Tun safe nake faɗa wa kaina haka.

14 ga wata

Baba Hagnon ya kawo mini busasshen ɓaure cikin kwando, tukuicin godiya. Na kasa ci. Matata Hediste ta ce, "Yau kuma kai da ɓaure gaba kuke?" Na ce ciki ne.

Marigayiya innata takan ce Apate, aljanar yaudara, 'yar Dare ce, kuma ba wanda ya taɓa gina mata ɗakin bauta don ba ta rasa masauki. Da ina yi wa tsohuwar dariya.

19 ga wata

Jirgin ruwa ya tashi da Damasiyas zuwa birnin Argos. Ban je ba. Tsohon ya kusa tamanin, shekara goma kuwa... kunya kamar in nutse.

3 ga watan Elafeboliyon

Baba Hagnon ya zo in rubuta masa wasiƙa zuwa ga Damasiyas. "Ce masa, ko duk gari ya juya maka baya, hannun babanka bai jefe ka ba." Ya sa na maimaita masa sau biyu. Na rubuta yadda ya faɗa, ban canza komai ba. Sannan na ƙara layi uku a ƙasa game da tsingaron nan, da sunana.

Ya leƙo ya ce, "Kai, duk wannan ni na faɗa?"

Na ce, "A'a, Baba, na ƙasan nawa ne. Zauna in karanta maka."