Rabon Kan Sarki Tsakanin Ido da Yatsa

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa gare ka da iyalinka baki ɗaya, tare da fatan wannan takarda za ta same ku cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar hankali. Allah ya sawwaƙe maka ciwon gwiwar nan da ka ce yana hana ka hawa bene, ya raya mana zuri'a, ya sa mu gama da duniya lafiya. Mu nan ƙalau muke, sai godiya. Kada girman rubutun nan ya ba ka tsoro, ba faɗa nake yi maka ba. Alƙalami mai kauri na koma amfani da shi, shi ya sa za ka ga ambulan ɗin ya yi ciki kamar wanda ya dawo daga gidan cin abinci.

Matata, mutuniyar taka, tana nan da ƙarfinta da bakinta. Babbar 'yarmu, Malama, an ƙara mata girma a makarantarsu, ita ke tsara wa malamai lokutan darasi, abin har ya bi jikinta, yanzu mu ma a gida ita ke yanke mana lokacin shan magani. Ɗan'uwanta mai gyaran firiji ya buɗe shagon kansa a bakin titi, matarsa kuma ta yi nauyi, muna ta addu'ar Allah ya sauke ta lafiya. Bishiyar lemon tsakar gida bana ta yi 'ya'ya har reshe guda ya karye don nauyi, maƙwabta duk sun sha.

To, ga abin da ya zaunar da ni rubutu. Na san ba ka manta da alkawarin da ke tsakaninmu ba, don a duk wasiƙarka sai ka tambayi lafiyar idona kafin ka tambayi lafiyar matata. Tun muna samari muke bin ofisoshi muna roƙon masinjoji tsofaffin ambulan, mu jiƙa su a kwano, mu ɓanɓare kan sarki, mu shanya a kan jarida. Da aiki ya ɗauke ka ya kai ka nesa, ka zuba naka a cikin nawa, ni kuma na ce maka ranar da idona ya gaza, kundayen nan duka naka ne. To Auta, ranar ta zo. Likitan ido ya duba ni, ya sake dubawa, ya ce ba yanar ido ba ce balle a kankare, tsakiyar idon ce ta gaji. Ya ce gefe-gefe zai ci gaba da gani, zan yi tafiyata ba ɗan jagora, amma duk abin da na zuba wa ido kai tsaye narkewa zai yi. Haka kuwa abin yake. In na kalli fuskar mutum, kunnuwansa nake gani. Gilashin nan nawa mai ƙara girman abu, in na ɗora shi a kan kan sarki, duhun kawai yake ƙara mini girma.

Na dawo gida na ce wa mutuniyarka ta sauko da kundayen daga saman kabad, mu zuba su a kwali, tunda surukinka direba zai biyo ta nan ƙarshen wata, sai ya kawo maka. Ba zan ɓoye maka ba, kwanakin nan abinci bai yi mini ɗanɗano ba. Ba idon ne ya dame ni ba, mutum in ya kai shekaruna dole a karɓi wani abu a hannunsa, kuma na gode da aka bar mini ƙafa da kunne. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne safiya. Tun da na yi ritaya, in na sha shayi, teburin bakin taga nake nufa da kundi da hantsaki, ban sani ba sai a kira azahar. Sai na rasa abin da zan yi da wannan lokacin in kwalin ya tafi.

Ka san dokata a kan hantsaki. Ba a taɓa mini kan sarki da hannu, don gumi da maiƙon yatsa suna sa takarda ta yi rawaya. Kai kanka bayan hannunka ya sha duka a kan wannan doka, yara kuwa sun taso suna tsoron ɗan ƙarfen nan fiye da bulala. Mutuniyarka takan ce a duk gidan nan hantsakin ne kaɗai bai taɓa ɓata ba, don shi kaɗai ne ke da mai kula da shi.

Ranar da muke shirya kwalin, da hantsi ne, muna falo, fanka tana juyawa. Ta ɗauko tsohon kundin nan mai baƙin bango, wanda muka fara da shi. Ashe 'yan takardun da muka manne kan sarkin da su duk sun bushe, gam ɗin ya saki. Tana ɗaga shi sai kan sarki suka zubo kamar busasshen ganye, fanka ta kwashe su ta watsa ƙarƙashin kujeru. Na durƙusa da hantsakina ina ta tsinken kafet, ba abin da nake kamowa sai zare. Ta tsaya tana kallona, can ta ce in ta biye mini da ƙarfen nan nawa, direban zai je ya dawo ya sake komawa ba mu gama ba. Ta sunkuya ta tsince su da yatsunta kamar mai tsintar tsaba, ta buɗe tafin hannuna ta zuba mini. Na buɗe baki zan yi faɗa ke nan, babban yatsana ya sauka a kan guda ɗaya. Sai na ji layi-layi a jikinsa, sirara, a tsaye, kamar shaidar tabarma a kumatun wanda ya yi barcin rana. Na sake shafawa. Ba zan yi maka ƙarya in ce na ji hoton da yatsa ba. Na dai ji tawadar ta yi tudu, na ji dogo ne a kwance, na ji ɗaya daga haƙoran nan na gefen takardar ya cire a kusurwa, sai kaina ya ƙarasa sauran. Na tambaye ta ko shuɗi ne mai jirgin ruwa. Ta kai shi bakin taga ta duba, ta dawo ta ce shi ne, sannan ta tambaye ni ko dama ciwon idon nan dabara ce ta gudun zuwa kasuwa.

Kai da ka daɗe ba ka riƙe hantsaki ba, bari in tuna maka sunayen da muka raɗa musu, don a kansu maganar take. Akwai mai tudu, wanda gwani ke zama da farantin ƙarfe ya yi ta sassaƙa hoton a juye, layi bayan layi, har watanni. A cika ramukan da tawada, a goge saman tas, a ɗora takarda mai ɗan laima a danne da ƙarfin gaske, sai takardar ta tsotso tawadar ta tsaya a kanta tsiri-tsiri. Akwai mai danni, shi kuma akasin haka ne, hoton ne ke tasowa a jikin ƙarfen kamar hatimin ofis, in an buga sai ya lotsa takardar, ka juya bayanta ka ji shaida. Sai sumul, wanda ake bugawa daga shimfiɗaɗɗen faranti da dabarar nan ta mai da ruwa da ba sa haɗuwa. Sai mai ɗige, wanda ake ɗaukowa daga hoto, in ka sa gilashi ka ga duk ƙananan ɗige-ɗige ne, bakin haruffansa kamar haƙoran zarto. Duk wannan na san shi tun kana da gashi a ka. Na karanta, na duba da gilashi, na yi wa mutane bayani har sun gaji da ni. Amma tudun nan da nake ta ba da labarinsa, ban taɓa jin sa a jikina ba sai ranar nan, saboda dokar da na kafa da bakina.

Daga nan shirya kwali ya tsaya. Mutuniyarka ta mai da abin wasa, ta riƙa miƙo mini ɗaya bayan ɗaya tana cewa in faɗa. Mai tudu ba ya ɓoye kansa. Mai danni sai na juya shi na lallaɓa bayansa. Sumul da mai ɗige kuwa, in na shafa su kamar na shafa bango, ba sa ce mini komai. Har ta miƙo mini masu hoton gada guda biyu, waɗanda ta daɗe tana cewa abu ɗaya ne na ajiye sau biyu don son tara tarkace. Launi ɗaya, hoto ɗaya, amma ɗaya an fara buga shi da sassaƙa, daga baya aka sake buga shi sumul, wanda a wurin mai tara kan sarki abu biyu ne daban, kamar tagwayen da ba hali ɗaya ba. A da sai na ɗauko gilashi na yi ta nuna mata tana hamma. Ranar nan na ce ta rufe ido ta shafa. Ta shafa, ta ce ai ita ta daɗe da sanin wasu suna da kaushi. Na tambaye ta a ina ta sani. Ta ce in tambayi wanda ke goge mini ƙurar kabad in na tafi masallaci. Na ga in na bi maganar nan ba inda za ta kai ni sai hawan jini, sai na bar ta a nan.

Wanda abin bai yi wa daɗi ba shi ne abokina Mai Agogo, ka san shi, shi ma ya daɗe yana tarawa. Ya shigo ya tarar da ni da kan sarki a tsakanin yatsu, ya yi salati ya sanar da Ubangiji kamar ya ga gobara. Ya ce in na ci gaba da haka, nan da 'yan shekaru za su yi rawaya, tudun ya sule, ba mai tarawar da zai ko kalle su. Gaskiya ya faɗa, ban musa masa ba. Na ce masa ina wanke hannu da sabulu, in goge ya bushe, kuma a hankali nake taɓawa kamar mai taɓa goshin jariri. Ya ce sabulu ba ya hana yatsa zama yatsa. Ya kawo mini 'yar leda mai shara-shara ya ce in riƙa shafawa ta samanta. Na gwada, ban ji komai ba, kamar a gaisa da kai da safar hannu. Na ce masa shekara da shekaru ina tsare su kada su lalace, ina ajiye su don wata rana, to ni a wurina ranar ce wannan. Ya tafi yana gunaguni. Washegari sai ga shi da wani kan sarki nasa mai hoton tsuntsu, wanda ya daɗe yana shakkar ko na jabu ne, tunda na ainihin mai tudu ne, masu yin jabu kuwa sumul suka fi iyawa. Ya ce in taɓa masa, amma sau ɗaya tak, kuma shi zai riƙe da hantsaki. Na taɓa na ce masa ya kwantar da hankalinsa, tudu yana nan. Ya mai da shi aljihu, ya ce duk da haka abin da nake yi ba daidai ba ne, sannan ya sha shayi kofi biyu.

Yanzu sai maganarmu ni da kai. Alkawari na yi, kuma duka na ce, ba zan zauna ina murɗa magana kamar lauya ba. Kwalin da surukinka zai kawo maka yana ɗauke da duk sumul da masu ɗige, su ne mafi yawa, kuma su ne masu ɗaukar ido, furanni da kifaye da tsuntsaye kala-kala. Waɗannan ido suke so, ni kuwa ba ni da abin ba su. Ka ajiye su inda ba laima, kada ka jera kundayen a kwance wani kan wani, tsaye ake jera su. Masu tudu da masu danni kuwa na riƙe. Na sa an zuba mini su a kundi guda, yana nan a teburin bakin taga, kuma tun da na fara zama da shi abinci ya dawo da ɗanɗanonsa. Na san na ci maka wani yanki na haƙƙinka, kuma in sun iso hannunka wata rana za su iso da shaidar yatsana a jikinsu. Ina roƙon ka yafe wa yayanka wannan.

In kuwa ka ce sai an cika alkawari, ba zan hana ka ba, amma waɗannan ba zan ba direba ba. Sai dai ka tako da kanka, da gwiwar taka da komai, ɗakin baƙi a ƙasa yake. Dama akwai wasu da nake jin tudunsu sarai amma sunansu ya ɓace mini, in na tambayi mutuniyarka sai ta ce wani mutum ne mai gemu, ko wani gini ne mai tagogi. Da wannan bayanin ba inda zan je. Kai ne ka san ofishin da muka samo kowanne da masinjan da ya kore mu. Ka zo mu zauna a bakin taga, in shafa in miƙa maka, ka duba ka faɗa mini abin da na taɓa. In mun kai ƙarshen kundin, sai mu ga ko hannunka zai iya ɗaukarsa ka fita da shi.

Ka gai da Uwar Biyu da kyau, ka ce mata muna nan muna yi mata addu'a a kan hawan jinin nan. Ka gai da tagwayen da mazajensu, da Injiniya, da ƙaramarku mai karatun jinya. Mutuniyarka tana gaishe ka, ta ce in za ka zo ka sanar da wuri don ta san yawan tukunyar da za ta ɗora. Malama da mai gyaran firiji da matarsa duk suna gaisuwa, Mai Agogo ma ya ce in miƙa tasa. Allah ya tsare, ya sada mu da alheri.

Wassalam,
Ni ne yayanka.