Takobin Katako a Hanyar Zurmi

Ƙaura Namoda,
Jihar Zamfara.

Zuwa ga Yayana Alhaji Junaidu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da Hafsat da yara, da abokan zamanka na kasuwar albasa a can Fatakwal. Allah ya ƙara lafiya, ya sa albarka a nema. Mu nan alhamdu lillahi. Gero ya yi kyau bana, ƙafar tsohuwarmu ta yi sauƙi har tana fitowa shan hantsi, 'yata Suwaiba kuma ta sauka lafiya, an sami mace, an sa mata Rahama. Da gangan na rubuto ban kira ka ba, don maganar ba ta waya ba ce, kuma ka san gidanmu, ko tari mutum ya yi maƙwabta sun ji.

Maganar ɗanka ce, Kamalu. Tun da ya buɗe shagon ɗinki na ɗauka hankali ya shigo, ashe da saura. Shi da abokansa sun haukace a kan wani fim na fassara mai zuwa kashi-kashi, irin na aljanu da mayaƙan da ke tashi sama ba fiffike. Har ƙungiya suka kafa a waya, suka naɗa shi sarkin yaƙi, mutumin da ko kaza za a yanka sai ya kau da kai. Da sabon kashi ya iso, Salim mai gidan kallo ya sa ranar buɗewa. Daren farko suke ce masa, alhali bayan la'asar za a yi, tunda yanzu wa ke yawo bayan magariba? Wai sun gani a waya cewa a manyan birane masoyan fim kan yi shigar jarumansu su taru a irin wannan rana, to su ma ba za a bar su a baya ba. Kamalu ya ture ɗinkin mutane gefe, ya duƙufa ɗinka baƙaƙen riguna da rawuna. Suka sa kafinta ya sassaƙa musu takubba, suka shafe su da fenti mai ƙyalli. Na nemi baƙin zanena na zuwa ta'aziyya na rasa, na yi ta yi wa yaran gida faɗa a banza.

Da a gidan kallon suka tsaya da shirmensu, wallahi da ban ɓata tawada ba. Sai suka ce suna da 'yan ƙungiya masu zuwa daga Zurmi da Shinkafi, dole a fita bayan gari a taro su, a shigo a jere kamar runduna. A kan babura, Yaya. Uku-uku a kan kowane, fuska a naɗe sai idanu, takubba a sama. Ka daɗe ba ka gida, amma ka san abin da wannan siffa take nufi a ƙasar nan. Yaron da ke tatata ma ya sani. Samari ne garada, har da masu karatun boko mai zurfi, amma aka rasa mutum ɗaya da zai ce a tsaya tukuna.

Ranar ina gonarmu ta bakin hanyar Zurmi, ni da maƙwabciyata Kulsumu, muna roron wake. Muka ji rugugin babura, wani ya ƙwala ihu cewa ga su nan. Na ɗaga kai na hango baƙaƙe, sai ƙafa. Na yar da ƙwarya, na yar da takalma, na faɗa cikin dawa na kwanta rub da ciki ina kalmar shahada. Ka san addu'ar da nake yi a kwance? Allah ya tsare mini Kamalu yana can shago. Ka ji fa. Ni da na haife shi ina cin ƙasa saboda shi, ina kuma roƙa masa tsari daga kansa. Kulsumu ta gurɗe ƙafa wurin tsallake kunya. Cikin gari kuwa aka rufe shaguna, mata suka bar tukwane a kan wuta suna neman 'ya'yansu.

'Yan sa-kai suka tare su a bakin gari, su kuwa bindigoginsu ba na katako ba ne. Allah ne kawai ya tsare, babbansu ya hana a yi harbi don ya lura wasu a cikin samarin suna ɗaukar kansu hoto da waya. Abokan Kamalu suka fizge rawuna suka tarwatse. Sarkin yaƙi kuwa, don kada iska ta kwance masa naɗi, ashe ya bi nasa da zare da allura ya ɗinke. Yana ta kokawa da shi aka damƙe shi, ya sha duka ba kaɗan ba. Sai da Malam Nasidi, limamin unguwarmu, ya je ya tsaya masa, ya karya takobin a gwiwarsa a gaban jama'a don kowa ya ga katako ne. Aka kawo mini shi ido a kumbure, ga zanena a yage rataye a wuyansa. Na rasa ko in rungume shi ko in ƙara masa. Ina gasa masa fuska da ruwan zafi, yana tambaya ko Salim ya haska fim ɗin.

Ba dukan ne ya hana ni barci ba, wannan shi ya saya da kuɗinsa. Maganar da ta biyo baya ce. Yanzu ana cewa wai ba wasa ba ne, gwaji ne, mutanen daji ne suka turo su don a ga yadda gari zai yi in an shigo, kuma wanda ke gaba shi ne infoma. Ka san wannan suna ba a kai shi gaban alƙali a nan. Mutane sun zo sun kwashe yadinsu daga shago ba a ɗinka ba. In na shiga gidan suna sai hira ta mutu. Mijin Kulsumu, wanda ya yi wa Kamalu huɗuba ranar da aka haife shi, ya daina amsa gaisuwarsa. Ban ga laifinsu ƙwarai ba, kusan kowane gida akwai wanda aka rasa. Malam Nasidi ya kira ni gefe ya ce muddin ana zaman lafiya ba komai, amma ranar da wani abu ya faru a ƙauyen kusa, ba za a yi nisa wurin neman wanda za a nuna ba. Ya ce in fitar da shi tun da wuri.

Shi ya sa na zo gare ka. Ka karɓe shi, ko ɗinki ne ko dakon buhun albasa, duk ɗaya ne a wurina. Matsalar ita ce ya ƙi. Na yi faɗa, na yi kuka, na haɗa shi da girman nono, sai ya dube ni ya ce, "Inna, in na bar garin ga yanzu, na amsa sunan ke nan. Wa zai wanke ni?" Abin da ya fi ba ni haushi, gaskiya ya faɗa. Tun da na haife shi bai taɓa yin magana mai hankali irin wannan ba, sai a ranar da ba na son jin ta.

Kai ne madadin ubansa, ba ya iya yi maka musu. Ka kira shi, kuma don Allah kada ka lallashe shi, ka ba shi umarni ya hau mota. Na san za a ce ya gudu, na san ni zan zauna in sha kallon. Na yarda. Gara in ji ana zaginsa yana Fatakwal da in ji ana yabonsa ina zaman makoki.

Ka gaida Hafsat da kyau, da Mubashir da Imran da 'yar auta Mubaraka. Tsohuwa tana sa muku albarka, ba ta san komai ba tukuna. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarka mai jiran jin ka,
Hauwa'u