Na Ɓoye Sunanta, Na Rubuta Sauran

Zuwa ga Shugaban Sashen Nazarin Zamantakewa na makarantar da na gama,

Assalamu alaikum. Ina gaida Malam, da fatan iyali da aiki lafiya.

Ranar Talatar da ta wuce, ƙarfe goma na safe, ina bakin titi a unguwar Zariya, nan Maraɗi, ina jiran kabu-kabu, wata mata ta kira ni da wayar aro. Ita ce “Madam A.” ta cikin memuwar ɗina, wato kundin bincikena na gama karatu. An kore ta daga ƙungiyarsu ta masu matse man gyaɗa a Jiratawa, an riƙe wayarta, an hana sauran matan yi mata magana. Ba ta zage ni ba. Gara ma ta zaga.

Ga laifuffukana. Na ɗaya. Bincikena kan shugabannin da ke danne mabiyansu ne: riƙe wayoyi, hana ziyarar dangi sai da izini. Na haddace alamun da Faransanci. Da na isa Jiratawa kuwa, sai tarbiyyar gida ta motsa, na fara kai wa shugaban ƙungiyar goro. Shi ya zaɓo waɗanda zan tambaya, ya aje mini kujera kusa da tasa. Duk suka ce lafiya lau. Na rubuta.

Na biyu. Madam A. kaɗai ta tare ni a hanya ta faɗi gaskiya. Na canza sunanta yadda aka koya mana. Amma ina tsoron a ce aikina bai cika ba, sai na rubuta shekarunta, cewa ’yar Tsibiri ce, bahaguwa, mijinta mai gyaran injin ban-ruwa. Juri, malaman da suka duba aikin, ya yaba.

Na uku. Bayan sutanans, da na kare aikin gaban juri, na kai wa shugaban kwafi mai bango, sunansa a shafin godiya, don na ci tuwonsa. Babu malamin da ya hana ni. Ni ma ban tambaya ba.

Ina roƙon a ɗauke memuwar ɗin daga ɗakin karatu, kuma a koya wa na bayana yadda ake kare mai ba da labari kafin a tura su ƙauye.

Har yanzu ban san wa ya karanta wa shugaban shafin da na siffanta ta ba, don ba ya jin Faransanci. Ban san ko za a mayar mata da wayarta ba. Ban san ina za ta matse gyaɗarta bana ba, ita ma ta ce ba ta sani ba.

Allah ya ƙara wa Malam lafiya da basira, ya ba shi ɗalibai da suka fi ni.

Wassalam.

Tsohon ɗalibinku,
daga Maraɗi.